Ranar da Na Sha Ragowar Kokonta

Ko da zan manta komai na zaman makaranta, ranar da na sha ragowar kokon wata yarinya a gaban ɗaukacin ɗalibai ba za ta fita daga raina ba. Ni 'yar Lambara ce ta ƙasar Shagari, kuma tun ina ƙarama an san ni da taurin kai. Wajen ƙarshen mulkin farar hula na biyu aka kai ni wata makarantar kwana ta 'yan mata a yankin Bodinga. Lokacin abubuwa sun tsuke, sabulu ma sai an bi layi. Ɗakin shan maganinmu kuwa suna kawai gare shi. Ko ciwon ciki kike ko kunama ce ta harbe ki, ƙwayar ciwon kai za a miƙo miki.

A ajinmu akwai wata 'yar Danchadi, siririya, marar surutu, ga kan lissafi. Wata safiya muna layin taro sai ta yanke jiki ta faɗi, tana shure-shure, kumfa na fita ta bakinta. Kafin ka ce kwabo fili ya watse, wata na ihu, "Hwarhwaɗiya ta! Ku gudu kada miyaunta shi taɓa ku!" Ni kaɗai na tsaya na juya ta gefe, na sa ɗankwalina ƙarƙashin kanta. Farfaɗiya ba baƙuwa ba ce gare ni. Wana da nake bi yana da ita, kuma da ludayi ɗaya muka tashi muna shan fura.

Daga ranar aka sa ta gaba. Yanzu ina jin makarantu na kafa doka kan yaran da ke cin zarafin juna ta waya. To mu bangon banɗaki ne wayarmu. Da gawayi aka zana ta baki a karkace, aka rubuta Mai Kumfa. In ta wuce a tofar da yawu. Aka fitar da ita daga kwanon da muke ci tare, aka ba ta nata kofi da aka shafa wa jan fenti, wai don kada a yi kuskure. Wallahi har yau in na tuna jan fentin nan raina yana ɓaci.

Dokar makaranta ta ce duk mai ciwon da ake ɗauka a mayar da ita gida har ta warke. Masu zanen bango kuwa babu dokar da ta san da su. Manyan ɗalibai suka yi ta sintiri ofishin shugabar makaranta har aka yanke a sallame ta. A bayan aji yarinyar ta same ni, ido ya yi jawur, ta ce, "Gobe za a maishe ni gida. Baba ya ce in anka koro ni, na gama boko ke nan." Na san gaskiya ta faɗa, don wannan ciwo ba irin wanda ake jinyar mako a dawo ba ne.

Washegari da karin kumallo tana zaune ita kaɗai a bakin ƙofar ɗakin cin abinci, akwatinta a gefe, kofin kokonta a hannu. Na tashi daga cikin 'yan kwanonmu na je na tsaya a kanta. Na ce, "Kurɓa." Ta kurɓa tana kallona, ta ce, "Ke, mi za ki yi?" Na karɓe kofin, na juya daidai inda ta sa baki, na shanye tas, har na lashe gefen don masu kallo su more. Nan take salati ya ɓarke. Inna mai kula da ɗakunan kwananmu ta dafe ƙirji, ta ce, "Wagga ɗiya ta kashe kanta!"

Aka tasa ƙeyata zuwa ofis. Shugaba ta ce, "Kin san abin da kinka aikata?"

Bakina bai mutu ba. Na ce, "Na sani, ranki shi daɗe. An ce ɗauka aka yi, to ga ni na ɗauka, a haɗa mu a kora. Amma wana na da ciwon ga, kwano guda muka ci tun ina rarrahe, ban taɓa hwaɗuwa ba."

Na sha bulala kan rashin kunya, ban kuma ba da haƙuri ba. Sai dai na jefa su cikin tsaka mai wuya. In sun kore ta sun bar ni, sun ƙaryata kansu. In sun kore ni, ga ni garau, me za su gaya wa tsohona? Dole aka zuba mu a motar makaranta zuwa asibiti a Sakkwato, abin da ya kamata a yi mata tun ranar farko. Likita ya ce ba a ɗaukar ciwon ta yawu ko ta kwano. Ya rubuta mata magani, ya ce a kiyaye ta da bakin wuta da na rijiya, ta koma aji.

Kada ku zaci an tafa mini. Suna na samu, Ƙanwar Mai Faɗuwa, kuma akwai waɗanda har muka gama ba su ƙara sa hannu a kwanona ba. Ko a jikina. Ita dai ta zauna, ta gama karatunta, daga baya ma ta koyar da 'ya'yan wasu daga cikinsu lissafi.

Abin da na koya shi ne, in taro ya haɗa kai ya ƙyamaci marar lafiya, tausayi daga nesa ba ya hana a kore shi. Sai wani ya tashi ya tsaya kusa da shi, kusa ƙwarai, yadda ba za a iya jefar da shi ba sai an haɗa da mai lafiya.