Awa Shida da Ɗan Ɗoriya

Innarmu ba ta taɓa shiga jirgi ba, amma ko a barci ka tashe ta za ta gaya maka tafiyar Abuja zuwa Landan awa shida ce da ɗan ɗoriya. Autanmu ne ke aiki can. Ni kuwa 'yar fari ce, wadda ko sunanta Inna ba ta kamawa saboda kunya. "Ke" nake tun ina goye.

Aure ya kai ni Rigachikun, ita tana Unguwar Sarki. Kullum sai na zo: in hau bas, in sha cunkoson Kawo, in hau keke, in dafa mata, in ba ta maganin hawan jini. Wallahi a mako guda ina fin awowinsa a kan hanya, kuma ni babu mai turo min abinci a faranti. Amma ban taɓa jin "sannu da hanya" daga bakinta ba. Shi nake so, ba wani abu ba.

Ranar da auta zai zo kuwa, sai ka ga ikon Allah. A daka fura, a soya kaji, ni ce mai soyawar. Ya shigo yana miƙa, Inna ta bi shi da kofin ruwa: "Sannu da hanya, sannu! Awa shida a sama, ɗan nan!" A zaune fa ya yi su, cikin sanyi, yana kallon fim. Ina son ƙanena, amma a irin ranar nan ji nake kamar in maƙure shi. Na taɓa cewa, "Inna, ni ma fa hanya na sha." Ta ce, "Ke, rage murya, barci yake."

A wata damina ya zo hutu. Ana jibi zai koma zazzaɓi ya kayar da ni, na kasa ko ɗaga kai, ban leƙa gidan ba sai washegarin tafiyarsa. Na sauka daga keke, sai na hango Inna zaune a ƙofar gida kan kujerar roba, ita da ba ta fita ko zaure. Maƙwabciyarta ta tare ni ta ce, "Tun safe take nan, idonta a kan titi."

Na ce ashe! Ashe ni ma ana jirana. Na gyara mayafi, na rage sauri, don in ji daɗin abin sosai.

Ta miƙe da ƙyar, ta kama hannuna, ta riƙe gam.

"Alhamdu lillahi da kika zo," in ji ta. Ta danƙa min wayarta. "Ba wanda ya iya duba min. Duba ki ga ko ya sauka lafiya."

Na duba. Ya sauka tun jiya. Na gaya mata, na wuce ciki na ɗebo wa kaina ruwa a randa.