Bahagon da Ya Rubuta Mana Tsarin Mulki

Gari na wayewa za ka same shi a ƙofar shagonsa, bayan layin masu gyaran takalma, yana wanke bakin alƙalami a tsohon gwangwanin madara. Ya goge, ya ɗaga shi ya ƙura masa ido, sannan ya juya takarda ta kwanta a gicciye. Baba Bahago ke nan, mai rubuta katin biki da allunan shaguna. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, ido ya gaji.

Masu wucewa ba su san hannun nan ne ya rubuta kundin tsarin mulkin ƙasarmu ba. Na asalin nake nufi, wanda ke cikin gilashi a gidan tarihi, mai haruffan nan da suka jingina baya kamar dattawa a kujera. Mutane na cewa salo ne. Matarsa, da kowa ke kira Gwaggo, dariya take yi.

"Wane salo? Gudun kada hannunsa ya shafe ɗanyar tawada yake karkata takarda. Ko cokali a karkace yake riƙewa!"

"Kin dai auri mai karkatar," in ji shi.

Yana saurayi aka zaɓe shi ya rubuta kundin da hannu. Rubutunsa kawai kwamitin tsarin mulkin ya gani, bai ga hannun ba. Aka ba shi ɗaki, tebur, da takarda mai kauri. Aiki ya kai rabi, ranar sa hannu ta matso, sai ga shugaban kwamiti ya faɗo ɗakin ba zato. Mai shayin ofishin, wanda har yau yana raye, yana tsaye riƙe da buta ya ga komai.

Shugaba ya yi turus. "Da hagu? Tushen ƙasa guda da hannun hagu? Ajiye alƙalamin nan! A nemo wani ya sake daga farko."

Tun Bahago yana ƙarami ake ɗaure masa hannun nan da tsumma, ake dukansa da rula. Yau kuma ga hannun zai raba shi da aikin rayuwarsa.

Bahago ya ajiye alƙalamin. Ya jawo shafin da ya gama jiya, ya miƙa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, kafin in tafi, a duba mini wannan ko na yi kuskure."

Shugaba ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi. Sashen da ya hana a ware ɗan ƙasa saboda yadda aka halicce shi ne. Shugaban da kansa ya yi ta gardama har aka sa shi.

Sai shugaba ya fashe da dariya. "Ɗan nema! Tawada ba ta bushe ba ka kama ni da dokata? Zauna ka ƙarasa. Kai kuma zuba masa shayi!"

Baba, kai ne mutum na farko da kundin nan ya kare, tun ba a sa masa hannu ba. Sunayen manya na shafin ƙarshe, naka babu, ba ka taɓa ƙorafi ba. Bahago mai miƙe layi, mun gode. Allah Ya ƙara lafiya, Ya bar ka da Gwaggo da tsiyarta.

Mu kuma mu riƙe aikinmu da kyau yadda ya riƙe nasa. In kuma ɗanka ya ɗauki fensir da hagu, kada ka buge hannun. Juya masa takardar kawai.