Baba Mai Wayarin da Ɓarawon Mai

Kafin rana ta yi zafi, Baba Mai Wayarin ya riga ya share rumfarsa, ya shimfiɗa kwalin da yake kwanciya a kai, ya goge 'yar kwamfutar gwaji da gefen riga. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran wutar mota. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, don gwiwoyi sun ce sun gaji.

Masu mota dai an san halinsu. Da fitilar injin ta kama a gaban direba, sai a manna mata salatif, wai an yi maganinta. Shi kuwa Baba, aikinsa na farko ɓare salatif ɗin ne.

Haka ya ɓare na motar wata makaranta. Direbanta dattijo ne, shekara ashirin yana ɗaukar yara, amma ranar ya zo ido duk ya faɗa. Motar ta koma shan mai ba ƙaƙƙautawa, mai makarantar ya ce shi ke zuƙewa yana sayarwa, ya ba shi kwana uku ya ajiye makulli. Kwamfuta ta nuna sansar salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa injin yawan man da zai sha. Sau biyu ana canza ta a wani gareji, ba ta sake zani ba.

Baba bai taɓa sansar ba. Ya durƙusa ya shaƙi hayaƙin, ya shige ƙarƙashi yana bin wayarta da yatsa, har ya iske inda ta jingina da ƙarfe mai zafi ta narke.

"Kwamfuta mai kuka take nunawa," in ji shi, "ba wanda ya yi dukan ba."

Sai ya ƙi ɗaure wayar har mai makarantar ya zo da kansa. Ya sa shi ya tsuguna da fararen kayansa ya leƙa.

"Ga ɓarawonka nan, ranka ya daɗe."

Direban ya juya baya yana share ido da hula.

Baba, har yau abin yana ba mu mamaki. Kai ne aka kawo wa mota, ka gyara sunan mutum. Kai ne mai kunnen da injin ke kai wa ƙara. Mun gode, Allah Ya huta gajiya. Masu tasowa a sana'ar, ku koyi bin waya har ƙarshenta kafin ku yanke hukunci. Direban nan yana can yana ɗaukar yara, makullin na aljihunsa.