Kawu Barend, Wanda Ya Bi Mijina Bayan Sansani

Ranar Talata huɗu ga Nuwamba, wadda ta yi daidai da sha uku ga watan Heshwan a lissafinmu na Yahudawa, Allah Ya karɓi ran Kawu Barend Stibbe a gidansa da ke Zwolle, yana da shekara saba'in da tara a duniya. Da hantsi matarsa, Gwaggo Betje, ta kira ni a waya. Ba ta yi dogon bayani ba, cewa kawai ta yi, "Hadassa, Kawunku ya tafi." Na faɗi abin da muka gada a faɗa idan an ji mutuwa, wato albarka ta tabbata ga Alƙalin gaskiya, sannan na lalubi kujera na zauna. Washegari muka kai shi makwancinsa.

Kawu Barend, ba jini ne ya haɗa ni da kai ba. Duk 'yar jama'ar nan tamu, babba da yaro, Kawu muke ce maka, har waɗanda suka girme ka. Kai ba malamin majami'a ba ne, likitan haƙori ne kai. Shekara arba'in ka yi kana zuba wa mutane surutu alhali bakinsu na buɗe, ba su da halin mayar maka da martani. Da ka ajiye aiki sai ka buɗe mana ƙofar kicin ɗinka duk yammacin Alhamis, don mu duba yankin Attaurar da za a karanta a majami'a ranar Asabar mai zuwa. Ka ce mana, "Yanzu lokacinku ne, ku rama." Muka kuwa rama. Ni dai babu makon da ban yi musu da kai ba, kuma na lura ranar da na yi shiru ba ka jin daɗin kofinka.

Ba ka taɓa buɗe karatu da wa'azi ba. Sai Gwaggo Betje ta yanka kek ɗinta na citta, kowa ya ɗauki nasa, sannan ka ɗaga tabarau ka ce, "To, wa aka yi gulmarsa a karatun makon nan?" A wurinka Attaura ba labarin mutanen da suka shuɗe ba ce. Labarinmu take bayarwa, sunaye kawai aka sauya don a rufa mana asiri.

Izak Vos, tsohon mai shagon takalma, ba zai manta ba. Tun shekarar annoba ya cika ɗakin ƙarƙashin gidansa da gwangwanayen kifi da buhunan shinkafa, gari ya buɗe amma shi bai daina tarawa ba. Da muka zo kan labarin manna, abincin da ke sauko wa mutanen Annabi Musa daga sama a jeji, wanda ke ruɓewa idan aka ɓoye shi ya kwana, sai ka ɗago kai. Leƙen Izak kawai ka yi ta saman tabarau.

Ya ce, "Kawu, daina kallona. Ni fa ba tsoro ba ne, tanadi ne."

Ka ce, "Su ma haka suka ce, Izak, kafin tsutsa ta leƙo."

Dariya ta ɓarke, har da shi. Kafin mako ya zagayo ya kwashi rabin kayan a motarsa ya kai inda ake raba wa mabuƙata abinci, yana tafe yana gunaguni.

Haka kake yi da bukukuwa ma. A Idin Bukkoki kakan kafa 'yar rumfarka ta ganye a bayan gida, ka tara mu cin abinci a ciki, a ƙasar da ruwan sama ba ya neman izini. Wata shekara ruwa na ɗiga a cikin miyata, na ce, "Kawu, shari'a da kanta ta ce in ruwa ya yi yawa a koma ɗaki." Ka ce, "Ta faɗa, ban musa ba. Amma ƙara cokali biyar tukuna, saboda waɗanda ba su da ɗakin komawa." Na sha cokali biyar ɗin ina hararar ka. A wannan damina ce muka fara tara barguna don masu kwana a bakin tashar jirgin ƙasa, kuma har yau ba mu fasa ba.

Amma ba don waɗannan na zauna rubuta wannan ba. Saboda Ruben ne, mijina.

Shekara huɗu da suka wuce kamfanin gyaran madatsun ruwa da Ruben ya yi wa aiki tun yana saurayi ya rufe. Mutumin da ke tashi kafin agogo ya kaɗa ya koma ba ya iya ɗaga kai daga matashi. Ya daina cin abinci, ya daina magana, ya daina buɗe labule. Likitoci suka ce ciwon damuwa ne mai tsanani, suka kwantar da shi a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na wani asibiti a bayan gari. Jama'armu ba mugaye ba ne. Da karaya ya yi, da sai na rasa inda zan ajiye miyar kajin da za su kawo. Amma wannan ciwon ba su san abin da ake cewa a kansa ba, sai suka zaɓi shiru. A majami'a a tambaye ni sanyi, a tambaye ni yara, a tsallake sunan Ruben kamar rami a hanya. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, kuma babban tsorona shi ne kada ya warke ya tarar babu inda zai dawo.

Bayan Idin Ƙetarewa muka iso yankin da kowa ke hamma a kansa, wato dokokin kuturta: tabo fari, tabo ja, a fitar da mai ciwo bayan sansani ya zauna shi kaɗai. Izak ya ce a taimaka a yi sauri, yana cin kek. Kai kuwa ka ajiye littafin ka ce, "Ku dubo mini abu ɗaya. Ranar da za a duba ko ya samu sauƙi, wa ke zuwa wurin wa?" Muka duba. Ashe ba a aika wa mai ciwon ya zo. Firist ne da kansa, wato shugaban ibada, da duk girmansa, yake barin sansani ya fita ya same shi a inda yake.

Ka ce, "To, mu wa muke da shi a bayan sansani?"

Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, mutanen kicin ma kuma sun sani. Ni idona na kan kofina, hawaye na neman tona mini asiri. Da za mu watse sai ka ce Alhamis mai zuwa a tashar bas za a haɗu, kowa ya zo da laimarsa.

Mu shida muka je asibitin, da fulas ɗin kofi da kek a cikin gwangwani. Ruben ya ƙi fitowa. Na fito daga ɗakinsa kunya ta rufe ni, na ce ku yi haƙuri ku koma. Ka ce, "Wa ya ce wurinsa muka zo? Karatu muka zo yi." Ka roƙi ma'aikaciyar jinya ta bar mu a ɗakin baƙi da ke kusa da nasa, ka sa kujera ka tokare ƙofa don kada ta rufe, muka yi karatunmu da musunmu muka tafi. Alhamis ta gaba ma haka, da wadda ta biyo ta. Wasu suka fara gajiya, ni kaina na fara cewa wahalar banza muke ba tsofaffi. Kai dai amsarka ɗaya ce, zumunci a ƙafa yake.

Bazara ta yi nisa muka kai inda jama'a suka rasa ruwa a jeji, Annabi Musa ya fusata ya bugi dutse maimakon ya yi masa magana, aka hana shi shiga ƙasar alkawari. Ranar ka ɗaga murya fiye da yadda ka saba. Ka ce hukuncin ya yi daidai, shugaba ba shi da uzurin gazawa, wanda ya kasa riƙe kansa ya ba wasu wuri. Na buɗe baki zan tare ka, sai muka ji murya daga bakin ƙofa, a dusashe.

"Ba haka ba ne, Kawu."

Ruben ne a tsaye da silifas, gemu ya rufe masa fuska, yana riƙe da bango.

Ya ce, "Yayarsa ya binne kafin wannan. Shekara arba'in yana ɗauke da mutanen nan. Mutumin ya gaji ne. Gajiya ba laifi ba ce."

Ko gezau ba ka yi ba, kamar kullum yana nan. Ka jawo kujera da ƙafa ka ce, "To zo ka zauna ka kare shi mana, ka ga ba shi da lauya." Ya zauna. Ya yi musu da kai har aka zo aka ce lokacin baƙi ya ƙare, ya kuma ci kek yanka biyu. A cikin bas na tambaye ka ko da gangan ka yi wa Annabi Musa wannan rashin adalcin. Ka ce Annabin ya san dalili, kuma ka tabbata ya yafe.

Da kaka Ruben ya dawo gida. Ya samu sauƙi sosai, amma taro ya gagare shi. Bai ƙara taka majami'a ba, bai je biki ko suna ba, in ya hango wanda ya sani a titi sai ya sauya hanya. Ƙofa ɗaya ce yake shiga ba fargaba, ita ce ta kicin ɗinka ranar Alhamis. Shi ya sa da Gwaggo Betje ta kira ni, kukana ya zama biyu: ina kukan rashinka, ina kukan abin da rashinka zai yi masa.

Abin da na ji tsoro kuwa ya fara tabbata. Bai je jana'izarka ba. Ya ja labule ya kwanta. Duk kwanakin zaman makoki ni kaɗai nake zuwa, in tarar da Gwaggo Betje a kan 'yar kujerar ƙasa tare da 'ya'yanku, in dawo in tarar da abincin da na ajiye masa bai taɓa ba. Ban matsa masa ba, don a wurinka na koyi cewa ba a jan mutum, zama ake yi kusa da shi.

Safiyar kwana na bakwai, ranar da ake tashin masu makoki a fitar da su su zaga unguwa don su koma cikin mutane, ina ɗaura takalmi sai na gan shi a bayana da kwat ɗinsa, ya yi aski har ya yanke haɓa. Ya ce, "Wa zai fitar da Gwaggo?" Na ce akwai mutane da yawa. Ya ce, "Mu je."

Gidan a cike yake maƙil, har da baƙi daga Amsterdam. Na ga ya tsaya a bakin ƙofa, na ce a raina yanzu zai juya. Bai juya ba. Ya ratsa tsakiyar jama'a, idanu duk a kansa, ya tsaya gaban matarka ya miƙa mata hannu ya ce, "Tashi, Gwaggo, zaman ya isa." Ta dube shi ta daɗe, sannan ta kama hannun ta miƙe. Suka fita titi su biyu a gaba, mu muna biye, ta gaban shagon burodi da makarantar yara, maƙwabta na gaishe su yana amsawa. Ina kusa da su na ji ta ce, "Ruben, ni fa ban gane ba, tsakanin ni da kai wa ke riƙe da wa?" Ya ce, "Ni ma ban sani ba, Gwaggo. Kada dai ki saki."

Kawu Barend, ban iya kalmomin da za su ɗauki godiyata ba. Allah Mai yawan jinƙai Ya jiƙanka, Ya ba ka hutu a ƙarƙashin inuwarSa, Ya ɗaure ranka cikin damin rayayyu tare da iyayenmu Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Kamar yadda ka fita ka nemi wanda ke waje, Ya sa a fito a tarye ka. Ya sa ambatonka ya zama albarka a bakin duk wanda ya taɓa zama a teburinka.

Gwaggo Betje, da ɗanki Daniyel da 'yarki Tirtsa da jikoki baki ɗaya, Ubangiji Ya ta'azantar da ku tare da dukan masu makokin Sihiyona da Urushalima, Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya ja kwananku cikin lafiya. Ni da 'ya'yana muna cikin marayun da ya bari, sai dai bai bar mu hannu wofi ba. Ya tafi ya bar mini mijina a tsaye a tsakiyar mutane.

Hadassa Leefsma, Zwolle