Littattafan da Ke Ƙarƙashin Kujerar Direba

Ina kwana goma sha biyu da shiga takaba wani abokin aikin mijina ya yi sallama a gidanmu na Gudu, riƙe da jakar buhu. Direba ne shi ma, tare suke lodi a tashar Jabi. Ta bayan labule na amsa masa. Ya ce, "Hajiya, kayan oga ne. A ƙarƙashin kujera muka gani da za a ba wani motar."

Na zaci sifana ce da tsummokara. Ashe littattafan soyayya ne har goma sha ɗaya, duk sun sha maiƙo. Mutumin da ko takardar makarantar yara sai ya miƙo mini, wai titi ya cinye masa ido!

Wata huɗu da kwana goma a ɗaki ciki da falo ba wasa ba ne. 'Yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, don a Abuja kowa da inda zai je da safe. Yara su tafi makaranta, ni daga tabarma sai taga, tagar ma katangar maƙwabta take kallo. Ƙosawa ce ta sa na buɗe na farko.

Irin littattafan nan ne da za a kashe miki mutum tun a shafi na uku, kina share hawaye kuma a ba ki dariya. Wani tela ne matarsa ta rasu, ya koma neman wata mai awara. Can tsakiya ya ce mata, "In dai ke ce a gabana a layin mai, Allah ya sa kada layin ya motsa."

Na ajiye littafin a cinya. Da wannan maganar aka sace ni. Shekara goma sha huɗu ina yi wa ƙawayena yanga da ita, ina cewa mijina ba ya da na biyu a iya zance. Ga ta nan, har an ja mata layi da biro.

Raina ya ɓaci, kuma ba wanda zan yi wa faɗa. Daga ranar na daina karatu, na koma bincike. A na huɗu na tsinci yadda yake ba ni haƙuri. A na bakwai, kirarin da yake yi wa miyata. Duk wanda na gama sai in ji an rage mini mijina. Ina so in san abu ɗaya: cikin duk abin da ya faɗa mini, akwai nasa na kansa?

Maƙwabciyata, mutuniyar Filato mai sayar da dankali a kasuwar Gudu, takan leƙo ni in ta dawo daga coci. Da na kai mata ƙara, dariya ta yi har da dafa bango.

"Haba Maman yara! Nawa oga ko na littafi bai taɓa faɗa mini ba. Naka ya zauna a tasha yana karatu saboda kai, kana fushi?"

Na yi dariyar, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Na gama goma, saura ɗaya. Sai na lura akwai maganar da ban ci karo da ita ba. Ranar da na haifi ɗanmu na fari bai zo da rai ba, mijina ya zauna bakin gadon asibiti, idonsa jawur. Can ya ce, "Leƙowa ya yi ya ga hancina, ya ce shi ba zai gada ba." Na kai masa duka, na yi dariya, sannan kukan da ya ƙi zuwa tun safe ya zo mana mu biyu.

Na kasa buɗe na ƙarshen. Wata biyu muna ɗaki ɗaya da shi, in ɗauka in mayar. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Ranar da na fita takaba na miƙa wa maƙwabciyata shi. Na ce, "Ki karanta in kina so. Amma ko me kika gani a ciki, kada ki faɗa mini."

Ta karanta shi tas, ta kuma riƙe alkawari. Ni ce dai har yau in mun haɗu a bakin famfo nake gaishe ta ina kallon bokitina, don kada in gani a fuskarta.