Koren Ɗigo a Gefen Sunan Likita

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan da ya wuce, da hantsi, ina tsaye a bakin shagona ina duba wata ƙofar ƙarfe da muka gama haɗawa, aka buga mini waya aka ce ka rasu bayan gajeriyar jinya. Ban yarda nan take ba. Ni mutum ne da ba ya karɓar magana sai ya juya ta ya ga bayanta, kuma da wannan halin na tashi daga mai riƙe wa wani ƙarfe har na mallaki shagon walda nawa na kaina. Sai da na ga takalman mutane jibge a ƙofar gidanku sannan na gaskata.

Wanda bai san ka ba zai ɗauka asibiti kake aiki. A'a, mai gyaran firji ne kai. Sunan Likita a fagen wasa ka samo shi, wasan nan na yaƙin duniya na farko da muke bugawa a na'ura ta intanet duk yammacin Lahadi, kowa a ɗakinsa da abin ji a kunne. Mu biyar ne a runduna, muna cikin ramuka da laka da waya mai ƙaya, muna ƙwace tuta daga hannun wasu biyar. Ni ne kwamanda, kuma ban ga abin ɓoyewa a nan ba, na iya. Kowa yana rububin bindiga mai jigida ko ta harbin nesa, kai kuwa jakar bandeji ka zaɓa tun ranar farko, ba ka taɓa sauke ta ba. In mutum ya faɗi, ɗan lokaci kaɗan gare shi kafin a fitar da shi daga zagayen. Sai ya ƙwala kira, "Likita!" Kafin ya rufe baki ka jefa hayaƙi, ka ja ciki a ƙarƙashin ruwan harsashi, ka tashe shi. Ko wanda ya zage ka ɗazu ne, haka kake zuwa masa.

Na daɗe ina sa maka ido, domin a kasuwa na koyi cewa mai yawan kirki yana da abin da yake nema. Lokacin da firjin mahaifiyata ya tsaya, maganinta na ciki, ka zo cikin ruwan sama da jakar kayan aikinka, ka kwanta a kan siminti har injin ya tashi. Na zauna jiran ranar da za ka zo da buƙata. Lokacin da tartsatsin walda ya taɓa mini ido aka ɗaure shi, ka zo ka zauna kusa da ni, ka ba ni labarin yadda aka ci rundunarmu da ba na nan, har da ƙari don in ji daɗi. Na ci gaba da jira. Ka koma ga Mahaliccinka ba ka zo da buƙatar ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya faru a bayanka, domin maganganu sun yi yawa, kuma gara a ji ta daga bakina.

Mun yanke cewa gurbinka zai zauna babu kowa, mu huɗu za mu riƙa shiga. Lahadin da muka koma wasa, muna cikin rami, sai ga koren ɗigo ya kama a gefen sunanka, alamar mutum yana kan layi. Sojanka ya bayyana da jakar bandejinsa, ya yi tafiya ya bugi bangon rami, ya tsaya yana kallon laka. Aka harbe ni a gabansa. Na kira sunanka, bakina ne ya riga hankalina, amma bai ko juyo ba.

Abin bai tsaya nan ba. A tsakiyar mako ma sunan yana shiga fagen baƙi, mutanen da ba su san ka rasu ba. Suna faɗuwa suna kira, ba ya zuwa, su kuma su bi shi da zagi. Matsayin da ka tara a wasan cikin shekaru ya fara zubewa. Mutumin da bai taɓa barin kowa a ƙasa ba, ga shi ana ce masa gunki, ana ce masa maci amana. Wannan ne ya hana ni sukuni. Ba ka bar gidaje ba, ba ka bar motoci ba, suna ka bari, kuma wani yana jan sa a laka.

Zargina a kan Akawu ya sauka, maharbinmu na nesa, mai tabarau, wanda yake aiki a ofis kuma yake ganin takardar makarantarsa ta fi tawa tsawo. Ya daɗe yana bayanka a matsayi, kuma na san yana shiga gidanku. Na tare shi na ce, "Kai, Akawu, wa ke shiga da sunan Likita?" Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Kwamanda, ka bar maganar nan." Wanda ba shi da hannu a abu ba ya cewa a bar magana, tambaya yake yi. A ranar na ƙudura zan kai rahoto ga kamfanin wasan cewa an sace sunan, a rufe shi har abada. Gara ya ɓace da darajarsa. Amma na ce sai na fara ganin na'urarka da idona, ko tana gida ko an fitar da ita.

Na je da la'asar. Matarka ta buɗe mini, muka gaisa, ta nuna ɗakinka da hannu. Ɗakin yana nan yadda ka bar shi, jakar kayan aiki a bayan ƙofa, wani injin firji a kwance kan jarida. A kan kujerarka kuwa Baba ne, mahaifinka, abin ji a kunne ya karkace, ya riƙe abin sarrafa wasan kamar mai riƙe da ɗan tsako. Baban da yake ce mana manyan banza masu yaƙin ƙarya. Baban da in muka kira ka Likita yake cewa, "Ni ban haifi likita ba, mai gyaran firji na haifa."

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ashe ku ne?"

Ya ce, "Ni ne, ɗana. Abokinku mai tabarau ya nuna mini inda ake dannawa. Na ce in ya faɗa wa kowa ban yafe ba."

To, ka ji. Zargina bai faɗi ƙasa ba, da hannun Akawu a ciki.

Na ce, "Baba, zaginsa fa ake yi."

Ya ce, "Ina ji, ai ba kurma ba ne ni. Tun da ya tafi, duk wanda ya shigo gidan nan yabonsa yake yi, yana rage murya. Mamaci ake yi wa haka. A nan ne kawai ake ƙwala masa kira, ana masa faɗa don ya makara, kamar yana ɗaya ɗakin."

 Na jawo kujera na zauna. Na nuna masa maɓallin hayaƙi, na nuna masa na bandeji. Yatsunsa sun yi tauri, sai ya danna biyu a tare, ya ce wanda ya ƙera abin nan bai san hannun dattijo ba.

Rahoton ban kai ba, kuma duk wanda ya kai, ni da shi ne. Yanzu mu biyar muke shiga. Mukan sa Baba a tsakiya, mu kewaye shi. Matsayinka yana ci gaba da sauka, kuma na bar duba shi. Lahadin da ta wuce aka harbe ni kusa da tuta, na ƙwala kira da iya ƙarfina. Ya zo. Ya bugi bango, ya jefa hayaƙin a inda babu kowa, amma ya zo, ya tashe ni. Na ji muryarsa a kunnena yana cewa, "Tashi, babban banza."

Akawu kuwa mun gaisa, sai dai har yanzu ina sa masa ido. Mutumin da ya iya riƙe sirri a gabana haka, ba a sake jiki da shi.

Ga Baba, da matarka, da 'yan'uwanka, ina miƙa ta'aziyyata da ta sauran rundunarmu. Allah Ya ba ku haƙurin da babu mai bayar da shi sai Shi. Kai kuma Likita, Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa jinyar da ka yi ta zama kankarar zunubi. Kamar yadda ba ka taɓa jin kira ka ƙi zuwa ba, Allah kada Ya bar ka a ƙasa ranar da kowa zai yi kira. Amin.