Ɓarauniyar Hanyar da Ba Ta Kai Zariya Ba

Shekarar da gwamnati ta toshe wani dandalin sada zumunta, ni na fara sa VPN a waya a duk makarantar da nake koyarwa a Faskari. Manhaja ce mai bi da mutum ta ɓarauniyar hanya zuwa inda aka hana shiga. A cikinta akwai hanyoyi uku da za ka zaɓa. Ɗaya tana da sauri amma nan da nan ake gane ta a datse, ɗaya tana jan ƙafa amma tana sajewa da sauran masu wucewa, ta ukun kuwa ba ta da aiki sai shan caji. Na laƙanci zaɓen nan har kaina ya kumbura. Malamai na miƙo min waya, ina latsawa ina zuba musu bayanin da ba su tambaya ba.

Bayan 'yan watanni aka kashe sabis ɗungurungum a yankinmu saboda 'yan bindiga.

Wata safiya maƙwabciyarmu Hajiya, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta yi sallama. Ɗanta na kwance a asibiti a Zariya, kwana huɗu ba ta ji labarinsa ba. Har ta shirya bin motar Funtuwa, inda ake samun sabis, sai aka tura ta wurina.

"Malam, an ce kana da hanyar da hukuma ba ta sani ba," in ji ta. "To mi zai sa in tahi Huntuwa da ƙahwahun nan?"

Na san gaskiya sarai: inda babu sabis, VPN ba ta da abin da za ta bi. Amma na ji nauyin in ce ban iya ba, ni da ake nunawa da yatsa. Na ce ta zauna. Na gwada hanya ta farko, na gwada ta biyu da ta uku, na hau tudun bayan makaranta na sake gwadawa. Sai bayan azahar na faɗa mata gaskiya, lokacin kuwa motoci sun daina fita, don ba mai bin hanyar nan da yamma.

Washegari ta tafi. Tana isa Funtuwa ta kira, aka ce mata jiya ɗan nata ya wuni yana tambayarta, kafin magariba ya cika.

Da na je yi mata gaisuwa, ita ce ta riga ni magana. "Sannu da wahala, Malam, ka yi iya ƙoƙarinka." Da zagina ta yi, wallahi da ya fi min sauƙi.